Santimita Nawa, Daga Mita Nawa? Yadda Ake Auna Ƙwarewa a Wasan Harbi

Ranar 4 ga Agustan 2024, a gasar Olamfik ta Paris, Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu da Brady Ellison na Amurka suka tashi kunnen doki a wasan ƙarshe na harbin kibiya na maza. Aka ba kowannensu kibiya ɗaya ta raba gardama, duka biyun kuma suka faɗa cikin da'irar maki goma. Sai aka koma ga awo. Kibiyar Kim tana milimita 55.8 daga tsakiya, ta Ellison tana 60.7. Ratar milimita 4.9, wadda ba ta kai kaurin fensir ba, ita ta kai lambar zinare Koriya.

Kwana shida kafin nan an ga irin haka a garin Chateauroux na Faransa, inda aka yi gasar bindiga ta wannan Olamfik ɗin. Ban Hyo-jin, 'yar Koriya mai shekara 16, da Huang Yuting ta China kowace ta tara maki 251.8 a harbin bindigar iska daga mita 10. A harbin raba gardama Ban ta samu 10.4, Huang ta samu 10.3.

Nan mai kallo yake rikicewa. Wasu suna harbi daga mita 70, kimanin kashi biyu cikin uku na tsawon filin ƙwallo, wasu kuma daga mita 10, nisan da bai ma kai na bugun fanareti ba. Wane ne aikinsa ya fi wuya? Irin wannan ruɗanin ne ake gani a shafukan sada zumunta: mutum ya sa hoton takarda mai huda uku manne da juna, wani ya sa tasa mai huda goma a ɗan warwatse, jama'a su yanke hukunci nan take cewa na farko ya fi. Alhali faɗin hudojin shi kaɗai ba ya gaya wa kowa komai, sai an san nisan da aka tsaya, da yawan harbin, da yadda aka yi awon.

Ma'anar gungu, da bambancin tattaruwa da dacewa

Idan maharbi ya saita wuri ɗaya ya yi harbi sau uku ko biyar ko goma, hudojin da suka fito a kan allo su ne gungu. Hanyar awon da aka fi sani ita ce a nemo huda biyu da suka fi nisa da juna, a auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗaya. Tunda tsakiyar huda ba ta ganuwa, akan auna daga bakin waje zuwa bakin waje, sannan a cire kaurin harsashin. Gungun da ya ba da milimita 20 daga baki zuwa baki, in harsashin mai kaurin milimita 5.6 ne, ainihin faɗinsa 14.4 ne. Wanda bai cire ba ya zalunci bindigarsa, musamman in da mai siririn harsashi ake kwatanta ta.

Abu biyu ne ake yawan cakuɗawa. Akwai tattaruwa, wato yadda hudojin suka kusanci juna. Akwai dacewa, wato yadda tsakiyar gungun ta faɗa inda aka nufa. Maharbi na iya tara harbi biyar a wurin da kwabo ɗaya zai rufe, amma duk suna taƙi guda daga tsakiyar allo. Wannan gyararsa ba wuya, madubin saiti kawai za a juya. Wanda harbinsa ya watsu ko'ina a kewayen tsakiya shi ne mai babban aiki, domin babu abin juyawa da zai tattara masa su.

Matt Emmons na Amurka ya nuna ƙarshen wannan bambanci a Olamfik ta Atina a 2004. Yana kan gaba da rata mai kyau a gasar bindiga ta mita 50, saura harbi ɗaya, sai ya saita allon maƙwabcinsa maimakon nasa. Harbin ya shiga allo lafiya, amma ba nasa ba. Aka ba shi sifili, ya faɗo na takwas.

Me ya sa ake auna kusurwa maimakon santimita

Kuskuren saiti kusurwa ce. In bakin bindiga ya kauce kaɗan, kaucewar tana buɗewa ne kamar hasken tocila a kan bango: kusa da bango ɗan da'ira, in ka ja baya ya faɗaɗa. Kaucewar da ta ba da santimita 1 a mita 50 za ta ba da santimita 2 a mita 100. Shi ya sa masu wasan suka koma ga ma'aunin da bai damu da nisa ba.

Iri biyu ake amfani da su. Na farko mintin kusurwa, wanda ake taƙaitawa da MOA, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri ɗaya. A yadi 100 yana daidai da inci 1.047, a mita 100 kuma santimita 2.9. Na biyu miliradiyan, wanda ya fi sauƙin lissafi ga mai aiki da mita: santimita 10 a mita 100, ko milimita 1 a kowace mita. Miliradiyan ɗaya ya kusa MOA uku da rabi.

A ɗauki mutum biyu. Ɗaya ya samu gungun santimita 3 a mita 50, ɗaya ya samu santimita 5 a mita 100. Ido zai ce na farko ya fi. Lissafi kuwa ya ce santimita 3 a mita 50 daidai yake da 6 a mita 100, saboda haka mai santimita 5 ne a gaba.

Akwai kuma wani ɗan tarko tsakanin yadi da mita. Yadi 100 mita 91.44 ne, bambancin ya kai kusan kashi 9 cikin ɗari. Amurkawa galibi da yadi suke awo, Turai da mita. Inci ɗaya a yadi 100 MOA 0.95 ne, inci ɗaya a mita 100 kuma 0.87. Wanda ya ce "na samu inci ɗaya a ɗari" bai gama magana ba tukuna.

Abin da allunan Olamfik ke nunawa

Da wannan ma'auni ana iya jera gasannin a gefen juna, sakamakon kuma yana da ban mamaki.

A bindigar iska ta mita 10, da'irar maki goma ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kamar ɗigon aya a ƙarshen jimla. A bindigar mita 50 faɗinta milimita 10.4. In aka tsaya nan, sai a ce a ma'aunin kusurwa ta mita 10 ta fi matsi har ninki huɗu. To amma dokar wasan ta ce taɓa da'ira kawai ake buƙata, ba sai tsakiyar harsashi ta shiga ba. Ƙwayar dalmar bindigar iska kaurinta milimita 4.5, ta ninka ɗigon da take nema sau tara. Don haka filin da maharbi yake da shi a zahiri milimita 5 ne, wato rabin miliradiyan. A mita 50 kuwa, 10.4 a tara da kaurin harsashi 5.6 ya ba da milimita 16, wanda a wannan nisa miliradiyan 0.32 ne. Lissafi ya juye ke nan: goman mita 50 ta fi ta mita 10 matsi, ga kuma iska, tunda a buɗaɗɗen fili ake yinta, ita kuwa ta mita 10 a cikin ɗaki.

Wannan ne ya sa gwanayen bindigar iska suka kai matsayin da kusan kowane harbi goma ne, har maki ya daina bambanta su. Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ta raba kowace da'ira gida goma, mafi girman maki ya zama 10.9. Da farko a zagayen ƙarshe kawai ake wannan ƙidaya, daga 2013 aka shigar da ita zagayen share fage, inda harbi 60 ke iya kaiwa maki 654. Kowane mataki ɗaya, kamar daga 10.3 zuwa 10.4, rubu'in milimita ne. Abin da ya raba Ban da Huang ke nan, kuma na'urar lantarki ce ke auna shi, ido ba zai iya ba.

Kibiya fa? Allon mita 70 faɗinsa santimita 122, da'irar goma santimita 12.2, wato miliradiyan 1.74. Ya ninka na bindigar iska fiye da sau uku. Abokin kwatancinsa na kusa shi ne ƙaramar bindigar hannu ta iska a mita 10, mai da'irar milimita 11.5, wadda in an tara kaurin dalma take ba da miliradiyan 1.6.

Sai dai faɗin kusurwa ba shi ne ma'aunin wahala ba. Kibiya tana fin daƙiƙa ɗaya a sama kafin ta isa mita 70, iska tana wasa da ita, maharbin kuma yana riƙe da nauyin tsirkiya da yatsunsa. Shi ya sa babu wanda ya taɓa cika maki 720 na kibiya 72 da irin bakan Olamfik. Bajintar duniya ta maza 702 ce, Ellison ya kafa ta a Lima a 2019, ta mata kuma 694, Lim Si-hyeon ta kafa ta a Paris. Kowane allo an yanka shi ne daidai da abin da kayan wasan da jikin ɗan Adam za su iya. Kusurwa tana daidaita nisa ne kawai, ba ta mayar da baka bindiga.

Inda lissafin ninki yake karyewa

Da a ce kuskuren saiti ne kaɗai matsala, da gungun mita 100 ya isa a san na mita 500: a ninka sau biyar. Ba haka abin yake ba, gungun nesa kusan kullum yakan fi abin da ninki ya nuna.

Dalili na farko jan ƙasa. Harsashi yana fara faɗuwa tun daga fitarsa, faɗuwar kuma ba a jere take tafiya da lokaci ba. A kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa yana sauka santimita 4.9, a kashi biyu cikin goma santimita 19.6. Lokaci ya ninka biyu, faɗuwa ta ninka huɗu. Ita faɗuwar ana gyara ta da saiti. Abin da ba a iya gyarawa shi ne bambancin gudu tsakanin harsashi da ɗan'uwansa na kwali ɗaya. Ƙaramin harsashin gasa mai gudun kusan mita 320 a daƙiƙa yana sauka kimanin santimita 12 kafin mita 50. In gudunsa ya ragu da kashi 1 cikin ɗari, zai faɗi ƙasa da inda aka zata da kusan milimita 2.5. A mita 100 wannan ɗan bambanci ya zama kusan santimita guda, ninki huɗu a nisan da ya ninka biyu kawai.

Na biyu iska, wadda ita ma turinta yana ƙaruwa fiye da yadda nisa ke ƙaruwa, domin harsashi yana rage gudu a hanya, yana ƙara daɗewa a hannunta. Ga kuma kawalwalniya a ranar zafi, wadda take sa allo ya riƙa rawa a cikin madubi.

Abin da wannan ke nufi a aikace: gungun kusa yana gwada bindiga da hannun mai ita, gungun nesa yana ƙara gwada harsashi da iya karanta yanayi. MOA ɗaya a mita 600 aiki ne da ya fi MOA ɗaya a mita 100 nesa ba kusa ba.

Akwai tsohuwar gardama a nan. Wasu maharba sun dage cewa bindigarsu tana ba da kusurwa mafi ƙanƙanta a yadi 300 fiye da yadi 100. Hujjarsu ita ce harsashi yana fita yana ɗan lilo, sai daga baya ya natsu. Masana tafiyar harsashi sun yarda lilon yana lafawa, amma sun ce lafawarsa ba ta dawo da harsashin da ya riga ya kauce kan hanya. Bryan Litz, injiniya Ba'amurke, ya gwada abin ta hanyar jera allo biyu, na kusa siriri wanda harsashi zai ratsa ya wuce zuwa na nesa, don a auna harbi ɗaya a nisa biyu. Bai ga gungun yana tsukewa ba. Bayanin da hankali ya fi kamawa kan abin da waɗancan maharba suke gani shi ne madubin da ba a daidaita shi da nisan kusa ba, ko ƙarin natsuwar da maharbi ke yi in allo ya yi ƙanƙanta, ko kuma sa'a. Wuri ɗaya da masu ra'ayin farko suke da abin riƙewa shi ne girgizar bututun bindiga: in harsashi mai jinkiri ya fita daidai lokacin da bakin bututun ya ɗaga sama, hakan na iya rage bambancin sama da ƙasa a wani takamaiman nisa.

Harbi uku, biyar ko goma

Wannan ne ɓangaren da aka fi yin sakaci da shi, kuma ya fi batun nisa ruɗar mutane.

Awon huda biyu mafi nisa yana da wata ɗabi'a: ƙarin harbi ba ya taɓa rage shi, sai dai ya bar shi yadda yake ko ya faɗaɗa shi. Masana ƙididdiga, ciki har da Frank Grubbs wanda ya wallafa aikinsa kan wannan a 1964, sun fitar da yadda abin ke tafiya. Bindiga ɗaya, harsashi ɗaya, maharbi ɗaya: in matsakaicin gungun harbi uku santimita 3 ne, na harbi biyar zai kai kusan 3.8, na harbi goma kusan 4.7. Babu abin da ya lalace, ƙidaya ce ta ƙaru. Kwatanta mai harbi uku da mai harbi goma kamar kwatanta tsawon mutum mafi tsayi a ɗaki ɗaya ne da mafi tsayi a kasuwa.

Bayan haka, ƙaramin gungu ba ya zama wuri ɗaya. Wancan mai matsakaicin santimita 3 zai iya ba da ɗaya da rabi yanzu, anjima ya ba da biyar, ba tare da an taɓa komai ba. Wanda ya canza harsashi ya ga gungunsa ya ragu daga 3.5 zuwa 2.8 bai tabbatar da komai ba tukuna. Hoton da ake sawa a intanet kuma galibi shi ne mafi kyau cikin goma ko ashirin da aka yi a ranar. Sauran suna kwandon shara. Haka batun harbin da ya fita daban, wanda mai shi zai ce hannunsa ne ya motsa, a cire shi daga lissafi. In tun kafin ya duba allo ya faɗi haka, akwai hujja. In sai da ya gani, to bayan tiya akwai wata caca.

Masu goyon bayan harbi uku suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Mafarauci ba ya harbi goma a jere, na farko daga bututu mai sanyi shi ne abin dogaronsa, siririn bututu kuma yana sauya hali in ya yi zafi. Harsashi ma kuɗi ne. Amsar da ɗaya ɓangaren ke bayarwa ita ce a yi ukun, a bari bututu ya huce, a sake yin uku a kan takarda ɗaya, har a tara da yawa. Ta haka an kiyaye hujjar sanyi, an kuma samu adadi.

Wasu sun bar awon huda biyu gaba ɗaya, sun koma ga matsakaicin nisa: a gano tsakiyar gungu, a auna nisan kowace huda daga nan, a tara, a raba da yawan hudojin. Wannan yana amfani da dukan harbin maimakon biyu kacal, kuma ba ya kumbura sosai da ƙarin adadi. A da wahalar lissafi ce ta hana shi yaɗuwa, yanzu manhajar waya tana fitar da shi daga hoto.

Yadda masu gasar ƙaramin gungu suka warware matsalar

A Amurka akwai gasar da ake ɗora bindiga a kan teburi, ba a neman maki, ƙanƙantar gungu kawai ake nema. A nan ne Mac McMillan ya kafa bajintar inci 0.009 da harbi biyar a yadi 100 a 1973, ta zauna shekara 40 kafin Mike Stinnett ya karya ta a 2013 da inci 0.0077, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Harsashi biyar, huda ɗaya.

Duk da haka ba da gungu ɗaya ake cin gasar ba. Akan yi gungu biyar na harbi biyar-biyar a yadi 100, a sake biyar a yadi 200, a raba sakamakon yadi 200 gida biyu don ya dawo ma'auni ɗaya da na farko, sannan a fitar da matsakaici. Don kada wani ya yi harbi huɗu ya ce biyar ne tunda hudar ɗaya ce, akan sa wata takarda mai tafiya a bayan allo tana ƙirga kowane harsashi. Mujallar American Rifleman ma da gungu biyar na harbi biyar a jere take gwada bindiga.

Abin da ya shafi mai saye, mafarauci da mai kallo

Kamfanoni da dama suna tallar bindiga da alkawarin "ƙasa da MOA ɗaya". A ƙananan rubutun ƙasa sau da yawa za a tarar harbi uku ne a yadi 100 da zaɓaɓɓen harsashi. Wanda ya saya ya yi harbi goma ya samu MOA ɗaya da rabi ba lallai an cuce shi ba, abin da lissafi ya nuna ke nan.

Ga mafarauci batun ya wuce alfahari. Wanda ya ɗauki gungun sa'a na mita 50 ya ninka shi zuwa mita 200 zai raunata dabba ta gudu da ciwo, ko harsashin ya wuce inda ba a nufa ba. Mafarautanmu masu bindigar gida, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, nasu lissafin daban ne, domin ƙwayoyi da yawa take watsawa a tashi ɗaya. Irin wannan bindiga mai watsi, a ƙasashen da ake gwada ta, ana zana da'ira mai faɗin inci 30 a yadi 40 a ƙirga kashi nawa na ƙwayoyin suka shiga. Ba a haɗa wannan awo da na harsashi guda.

Mai kallon Olamfik kuwa zai buƙaci wannan lissafi a Los Angeles a 2028, inda a karon farko za a shigar da baka mai ƙafafun juyi, a gasar ƙungiya ta mace da namiji. A gasannin duniya irin wannan baka daga mita 50 ake harba shi, a kan da'irar goma mai santimita 8, wato miliradiyan 1.6, kusa da 1.74 na bakan da aka saba gani a mita 70. Kusurwar kusan ɗaya ce, amma masu sabon bakan suna da madubi mai ƙara girma da na'urar sakin tsirkiya, shi ya sa gwanayensu kan wuce maki 710 cikin 720 a kai a kai.